Leza a Bakin Baffa: Magani ko Ƙawa?

Washegarin Babbar Sallah muka gane al'amarin ya yi nisa. An kawo soyayyen naman layya zaure, kowa ya kai hannu, sai Baffa ya tsinci 'yar hanta guda ya turo mana sauran. Mutumin da muka tashi muna gani yana ɓare rake da haƙori, yana fasa ƙashi ya zuƙe ɓargo. Da aka kira la'asar ya ja buta gefe, ina tsugune kusa da shi, na ga ruwan da ya furzar ja ne.

"Baffa, jini ne fa."

"Goro ne, ɗana."

Alhali rabonsa da goro ya fi wata biyu, tun da haƙoran ƙasa na gaba suka soma girgiɗa.

Babban ɗansa, Yayanmu da ke aiki a Abuja, shi ya zaro waya ya nuna mana wani bidiyo. Mutum ne kwance a kujerar likita da baƙin tabarau, an zura wani siririn zare mai haske tsakanin haƙorinsa da dasashi, ba wuƙa, ba ɗinki. Ya ce sunan abin leza, kuma asibitocin kuɗi na Abuja da Legas suna yi. Baffa ya ɗago kai ya ce, "Reza? A bakina?" Aka yi dariya. Amma kafin magariba gida ya rabu biyu. Labari ya shiga ciki, ƙanwarmu mai aikin jinya ta leƙo soro ta ce, "Yaya, wannan ɓarnar kuɗi ce. A fara da Kazaure, in ta kama a wuce Kano a yi masa wankin haƙori." Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle ɗa mai kuɗi da ƙanwa mai ilimin aikin. Na ɗauka gardamar gidanmu ce kawai. Da na bi diddigi sai na tarar likitocin haƙori na duniya sun fi shekara 30 suna wannan ja-in-ja, kuma har yau ba a tashi daga zaman ba.

Abin da ake faɗa a kansa

Saiwar haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi take, wasu siraran zaruruwa sun ɗaure ta, dasashi kuma ya lulluɓe kamar mayafi. Kullum wani farin datti mai danƙo yakan taru a gindin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. In asuwaki ko buroshi ya share shi, shi ke nan. In aka bar shi, sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da shi ya zama kanta mai tauri wadda babu asuwakin da zai iya ɓamɓare ta. Dasashi ya kumbura, ya riƙa zubar da jini. Har a nan komai na iya komawa daidai. In cutar ta zarce, dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Likita yana auna ramin da wani siririn ƙarfe mai zane kamar rula: milimita 1 zuwa 3 lafiya ce, 4 zuwa 5 an fara, 6 zuwa sama kuwa ƙashi ya ciwu.

Muguntar cutar ita ce ba ta cika zafi ba. Haƙori mai kogo yakan hana barci, ya tura mutum ƙwanƙwasa ƙofar mai kemis da tsakar dare. Ita wannan ci take kamar gara, sai an wayi gari haƙori fari tas, ba ko ɗigon baƙi a jikinsa, ya fita a cikin lomar tuwo. Mu kuma mu ce tsufa ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mai tsananin tana jikin kimanin kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane, wato sama da mutum biliyan guda.

Maganin da aka sani tun tale-tale shi ne wankin haƙori mai zurfi. A kashe wurin da allura, a kankare kantar har ƙarƙashin dasashi da ƙananan ƙarafa ko da na'ura mai girgiza da feshin ruwa, a koya wa mutum goge baki, ya dawo bayan wata biyu ko uku a sake awo. Ramin da ya ƙi rufewa, shi ake yi wa aiki: a ɗaga dasashin, a wanke saiwar ido na gani, a mayar a ɗinke. Gardamar ita ce, ina leza za ta shiga cikin wannan jerin, kuma in ta shiga, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Masu son leza suka ce

Leza haske ce mai launi guda da aka tattara wuri ɗaya, kamar yadda yara kan tara rana da gilashi su ƙona takarda. Wani masanin Amurka, Theodore Maiman, ya fara kunna ta a Kalifoniya a 1960. Ta shiga ɗakin likitan haƙori sosai a 1990, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin sayar da na'urar da aka ƙera musamman don aikin baki.

Hujjarsu ta farko jini ce. Hasken yana yanka yana toshe ƙananan jijiyoyi a lokaci guda. Kakanninmu sun san wannan hikimar tun zamanin lalas, bambancin kawai shi ne wannan wutar ana iya auna ta, bakinta kuma bai kai kaurin tsinke ba. Ga mai ciwon zuciya da ke shan maganin tsinka jini, aikin da ba ya zubar da jini da yawa ba ƙaramar rahama ba ne. Akwai kuma masu hawan jini da ke shan amlodifin ko nifedifin, da masu farfaɗiya da ke shan fenitoyin, waɗanda a jikin wasunsu maganin kan sa dasashi ya yi tofo ya haye kan haƙora. Rage irin wannan naman da leza aiki ne mai tsafta, sau da yawa ba sai an ɗinke ba.

Ta biyu, kashe ƙwayoyin cuta. Ƙarfe yana kankare abin da ya taɓa ne kawai, haske kuwa yana shiga lungun da ƙarfe bai kai ba. Wasu daga cikin miyagun ƙwayoyin da ke zaune a ramin, irin su Porphyromonas gingivalis, masu baƙin launi ne, wasu nau'o'in leza kuma duhu suke bi. Suka ce a zamanin da mutane ke sayen kafso a kemis kamar gyaɗa har magungunan suna daina ci, duk abin da zai kashe ƙwayar cuta ba tare da haɗiyar ƙwaya ba abin maraba ne.

Ta uku ita ce ta fi kama ni, domin na ganta da idona: tsoro. Duk wanda ya taɓa lallashin dattijo ya je asibitin haƙori ya san aikin. Magana ta daɗe tana yawo cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗa, yana buɗe giɓi. Gaskiyar ita ce kantar ce ta cike gurbin da cuta ta ci, kamar yaɓen da ya ɓoye tsagar bango, in an cire ta sai ɓarnar ta bayyana. Amma je ka bayyana wa wanda maƙwabcinsa ya dawo da giɓi. Shi ya sa mai cire "tsutsar haƙori" a kasuwa ba ya rasa ciniki: ba ya zaro allura, ba ya zaro wuƙa. Masu son leza suka ce maganin da mutum zai yarda ya zauna a yi masa ya fi wanda zai ji labarinsa ya gudu, ko da na biyun ya fi kyau a takarda.

Sai babbar da'awa. A shekarun 1990 wasu likitocin haƙori biyu a Kalifoniya, Robert Gregg da Delwin McCarthy, suka tsara wata hanya da suka kira LANAP, da nau'in leza mai suna Nd:YAG. Suka ce hanyar tana ƙone ruɓaɓɓen naman da ya shimfiɗe cikin ramin, ta bar lafiyayyen, ta daskarar da jini ya zama murfi, a ƙarƙashinsa jiki ya sake gina zaruruwa har da ƙashi. FDA ta amince a tallata na'urarsu da batun sake mannewar dasashi a 2004, sannan da batun sake tsirowar abin da ya lalace a 2016. A 2007 wani farfesa, Raymond Yukna, da abokan aikinsa suka buga binciken da aka ciro haƙoran mutane bayan aikin aka duba su a madubin ƙara girma, aka ga alamar sabon mannewa. Yaya ya ce, "To, in Amurka ta sa hannu, mu su wane ne?"

Masu ja suka amsa

Suka ce a fara da haƙoran nan na Yukna. Waɗanda aka yi wa leza guda 6 ne. Haƙori 6 sun isa su nuna abu mai yiwuwa ne, amma ba su isa a ɗora maganin mutum biliyan a kansu ba. Izinin FDA kuma, ta hanyar da yawancin irin waɗannan na'urori ke bi, ma'anarsa na'urar ta yi daidai da wata da ke kasuwa kuma ana iya sayar da ita. Hukumar ba ta ce ta fi wankin haƙori ba. Mai talla ne ke ƙara wannan gishirin.

Sannan suka kawo hukuncin masu sana'ar da kansu. A 2015 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta tattara binciken da aka yi ta fitar da jagora: wankin haƙori mai zurfi shi ne matakin farko, ƙara leza irin ta dayod ko Nd:YAG ko erbiyam a kansa kuwa, ƙwararrun ba su ba da shawarar a yi ba, don hujjar ba ta da ƙarfi. A 2018 ƙungiyar ƙwararrun likitocin dasashi ta Amurka ta fitar da nata bayanin, ta ɗan sassauta: ta ce ƙara leza yana iya kawo ƙarin amfani, amma bai kai milimita guda ba. A 2020 takwararta ta Turai ta fitar da jagorar da ƙasashe da dama suka ɗauka, ta ba da shawarar kada a ƙara leza a kan kankarewa. Milimita guda ba ta kai ƙwayar gero ba. Likitoci biyu ma in suka auna rami ɗaya da ƙarfe ɗaya, suna iya saɓawa da milimita. Wato ribar da ake magana a kanta ta yi daidai da kuskuren ma'auni.

Akwai abin da bidiyon Yaya bai nuna ba. Leza irin ta dayod da Nd:YAG ba sa cire kanta. Ita kanta hanyar LANAP, a tsakiyarta akwai matakin da ake ajiye leza a ɗauki na'urar kankarewa a wanke saiwar kamar kullum. To in mutum ya warke, wa ya yi aikin? Ƙanwarmu ta ce kamar a dafa tuwo ne da gari da ruwa da wuta, sannan a haska shi da tocila a ce tocilar ce ta dafa.

Haske mai yanka kuma wuta ne. Jikin mutum digiri 37 yake, bincike kuma ya daɗe da nuna cewa ƙashi yana lalacewa in ya kai digiri 47 na tsawon minti guda. Tazarar digiri 10 ke nan. Hannun da bai ƙware ba yana iya ƙona saiwar haƙori ko ƙashin da aka zo ceto. A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Dasashin da yawa daga cikinmu ba ja-ja ba ne irin na hotunan littattafan Turawa, yana da duhu, na wani ma baƙi ne. Dayod da Nd:YAG kuwa launi mai duhu ne ke shanye haskensu, har wasu asibitoci da leza suke goge baƙin dasashi don ado. Ƙarfin da ya dace da bakin Bature yana iya yi wa bakin Baffa yawa. Sai wanda ya san aikin ne zai rage wuta.

Zagaye na biyu

Masu so ba su yi shiru ba. Suka ce kalmar leza ce ke rikita lissafin, kamar a ce "mota" a haɗa tirela da a-kori-kura a auna gudunsu tare. Dayod daban, Nd:YAG daban, erbiyam daban. Ita erbiyam ruwa ne ke shanye haskenta, tana aiki da feshi, ba ta zurfafa zafi, kuma tana iya ɓamɓare kanta. Binciken da aka tattara kowa da na'urarsa, kowa da ƙarfin da ya sa, wasu mutum ashirin wasu talatin. In aka zuba su a ƙwarya ɗaya dole sakamakon ya fito salam. Rashin ƙarfin hujja, in ji su, laifin masu binciken ne, ba a tabbatar da laifin hasken ba tukuna. Batun ƙuna da baƙin dasashi kuma hujja ce ta a horar da likita, domin wuƙa ma a hannun ɗan koyo ɓarna take yi.

Suka ƙara da cewa an auna su da abokin karawar da ba nasu ba. Ba su ce a daina wankin haƙori ba. Jagorar Turai ɗin nan da ake kafa hujja da ita, ita ce ta ce kankarewa tana rufe kimanin kashi 74 cikin ɗari na ramuka. To sauran ɗaya cikin huɗun fa? Su ne ake ɗaga wa dasashi a ɗinke, bayan an warke haƙori ya ƙara tsawo, ya riƙa jin sanyin ruwa. Da wannan aikin ya kamata a gwada leza, kuma a tambayi marar lafiya kwana nawa ya yi bai ci tuwo ba, tun da shi ba da milimita yake auna lafiyarsa ba. Suka kuma tuna mana cewa a asibitin ido ba mai gardama da leza.

Wannan misalin na ido sai ya juyo musu. Masu ja suka ce gaskiya ne, amma a tambayi dalili. A shekarun 1970 an yi wani babban gwaji a Amurka kan masu ciwon suga da cutar ta taɓa idonsu, aka yi wa ido ɗaya leza aka bar ɗayan, aka ga haɗarin makanta ya ragu da rabi ko fiye. Tun daga nan baki ya mutu. Leza ta dasashi ta fi shekara 30 a kasuwa, kamfanonin da ke sayar da ita ba matalauta ba ne, amma irin wannan gwajin mai kashe baki bai fito ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

To, a Roni fa?

Nan ne masu ja suka fi baje kolinsu. Roni, inda muke, ɗaya ce daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure a jihar Jigawa, tare da Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi. A ƙidayar 2006 mutanenta ba su kai dubu 80 ba, yau sun wuce haka nesa. Mutumin Amaryawa ko Zugai ko Dansure da ke neman ƙwararren likitan dasashi, tafiya ce a gabansa: ya fito Kazaure, ya bi ta Dambatta ya shiga Kano, inda Jami'ar Bayero ke da tsangayar likitancin haƙori, ɗalibanta kuma ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota, kuɗin ɗan rakiya, yinin gona guda ya tafi. Cutar dasashi kuma ba a gama da ita a zama ɗaya, ko da leza ko babu. Ƙwayoyin suna dawowa cikin makonni, shi ya sa ake son mai cutar ya riƙa komawa duk wata uku ko huɗu a duba a share. Aikin miliyoyi a Abuja da ba a koma an duba ba, gini ne a bakin rafi.

Ga kuma kuɗi. Ƙaramar dayod dubban daloli ce, manyan kuwa dubu gommai, kuma da dala ake sayen bakin zaren da ake sauyawa, da dala ake gyara. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,500, mafi ƙarancin albashi kuma sai a Yulin 2024 aka kai shi naira 70,000. Kowa ya san labarin na'urorin da akan kawo da bikin yanke ƙyalle, shekara ta zagayo a tarar an lulluɓe su da zani don wani ɗan ƙarfe ya lalace. Kuɗin babbar leza guda zai sayi na'urorin kankarewa masu yawa, ya ɗauki ma'aikatan da aka horar don wankin haƙori, irin waɗanda makarantar tarayya ta Enugu ta daɗe tana yayewa, ya zaunar da su kusa da mutane.

Suka ce an bar jaki ana dukan taiki. Abubuwan da ke hura wutar cutar sanannu ne: datti, sigari, da ciwon suga. Suga da dasashi kuwa cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2022 ta nuna cewa maganin dasashi na yau da kullum yana sauke ma'aunin suga na HbA1c da kimanin maki 0.4 cikin wata uku zuwa huɗu. Asuwaki ma, da addini ya kwaɗaitar da mu a kansa, yana aiki in an iya riƙe shi. Matsalar ita ce da yawanmu haƙoran gaba muke gogewa, mu taune sauran itacen muna hira, turame na can baya ba wanda ya leƙa su.

Akwai kuma ciwon dasashin da ya fi wannan gaggawa a arewa, wanda ba dattijo yake kamawa ba. Cutar noma (sunan daga Girkanci ne, ma'anarsa cinyewa, ba ruwansa da fartanya) tana farawa ne da kumburi da gyambon dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin kwanaki ta huda kumatu ta ci fuska. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma suna mutuwa. In an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci sun isa. Sakkwato tana da asibitin yara na musamman don ita tun 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Ma'aikacin lafiya a ƙauye da aka koya wa buɗe bakin yaro ya duba da tocilar waya, shi ne hasken da muka fi bukata, in ji su.

Amsar masu so a nan gajera ce, amma tana da nauyi. Duk wannan lissafin gwamnati ne. Yaya ba kasafin jihar Jigawa zai taɓa ba, guminsa ne, mahaifinsa ne. Kuma in asibitocin koyarwa ba su mallaki na'urar ba, ɗalibanmu za su fita ba su taɓa riƙe ta ba, binciken da zai gaya mana yadda take aiki a dasashin baƙar fata ba mai yi mana, masu hali kuma su ci gaba da kai kuɗinsu Masar da Indiya.

Tankaɗe da rairaya

Ni abin da na fahimta, tambayoyi uku ne aka cusa a buhu ɗaya. Ko leza wuƙa ce mai kyau don rage naman dasashi da tsayar da jini? Wannan ba a cika jayayya a kai ba, tana yi. Ko ƙara ta a kan wankin haƙori yana warkar da cutar fiye da wankin shi kaɗai? A nan masu ja sun fi hujja, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Duk wanda aka ce ya biya ninkin kuɗi a zaman farko don an ƙara haske, yana da damar tambayar milimita nawa zai saya. Wanda kuma aka ce masa leza za ta maye gurbin kankarewa gaba ɗaya, ko ta raba shi da komawa asibiti, ya riƙe aljihunsa. Tambaya ta uku ce ban iya rufewa ba: ramin da ya ƙi ji bayan an yi komai daidai, a bakin mutumin da ya rantse wuƙa ba za ta taɓa shi ba. A takarda aikin ɗinki ne ke da dogon tarihi da tabbaci. Amma takarda ba ta san Baffa ba.

Bayan Sallah da mako biyu muka kai shi wani asibitin gwamnati a Kano. Likita ta zagaye kowane haƙori da siririn ƙarfen nan tana kiran lamba, mataimakinta yana rubutawa: biyar, huɗu, shida, bakwai. Baffa ya karkato kai ya ce, "Likita, riga za a ɗinka mini?" Aka tura shi gwajin jini, sai ga suga, wanda ko a mafarki bai san yana da shi ba. Zama biyu aka yi ana wankin. Abin da aka tara a kan auduga kamar ɓaraguzan tsohuwar tukunya, baƙi da ruwan ƙasa. Da ya duba madubi ya ga giɓin da ya fito tsakanin haƙoran ƙasa, ya dube ni ya ce, "Ka ga abin da nake faɗa muku." Har muka wuce Dambatta bai sake yi mini magana ba.

Da wata uku ya cika muka koma. Jini ya tsaya, warin ya tafi, yawancin lambobin sun sauko uku. Sai turame biyu na hagu, suna nan a bakwai. Likita ta ce waɗannan sai an ɗaga dasashi an wanke an ɗinke. Baffa ya sauko daga kujera ya sa hularsa. "Wuƙa dai? Ku bar ni da abina."

A daren Yaya ya bugo daga Abuja, ya sake ta da maganar leza. Wannan karon ƙanwarmu ba ta ce ɓarnar kuɗi ba ce. Ta ce ya tambayo mata wace iri ce, wa zai riƙe ta kuma baki nawa ya taɓa yi, sau nawa za a koma, kuma ko za su ba da lambobin awo a rubuce kafin aiki da bayansa don a kai wa likitar Kano ta gwada da nata. Yaya ya ce zai tambaya.

Baffa kuwa ya ce kada wanda ya sake kawo masa zancen baki sai gero ya shiga rumbu. Yana shan maganin sugansa. Da safe asuwaki, da dare buroshin da ƙanwarmu ta sayo masa, wanda yake ɓoyewa a aljihun 'yar shara don kada jikoki su gani. Rannan na tarar ya sa an daka masa goro a ɗan turmi, yana zuba garin a gefen dama.